Ƙofar Garken da Ta Cinye Yatsun Nerys

Ka taɓa jin ƙarar yatsun mutum suna farfashewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe? To Nerys Probert ta ji, kuma nata ne, kuma ba haɗari ba ne, mutum ne ya yi mata da gangan da rana tsaka a wurin aikinta.

Dakta Nerys ɗin nan malama ce a jami'ar da ke saman kwarinmu nan kudancin Wales, kiwon tumaki take koyarwa. Gajeriya ce, ta ɗan haura hamsin, ba miji ba ɗa, daga ita sai wani tsohon kare mai ido ɗaya sai tumakin gonar jami'a. Da takalmin roba take shiga aji, kashin tumaki har gwiwa, ɗalibai su yi ta toshe hanci tana cewa wanda ba zai iya da warin ba ya koma sashen lissafi. Abincinta romon rago da burodi da cuku, kullum shi ne, a tsaye ma take sha. Amma hannu, kai! Allah ya ba ta wasu 'yan ƙananan hannuwa, in ɗa ya gitta a cikin tunkiya manoma ba sa neman likita, ita suke bugo wa waya, ta zo ta zura hannu ta juyo shi ta zaro shi da ransa.

Ubanta Idwal ɗan ramin kwal ne. Tana 'yar yarinya aka yi wani dogon yajin aiki na masu haƙar kwal, yunwa ta shiga gidaje, sai maƙwabcinsu Pugh ya saci jiki ya koma bakin aiki. Ranar da aka gane, maza suka zo suka ɓalle masa ƙofa, suka jawo shi tsakiyar titi, suka rufe shi da duka da ƙotar shebur. Tana leƙe ta taga tana gani, ubanta ne a gaba, shi ya taka masa fuska. Da suka gama ya shigo gida ya wanke jinin a wurin wanke-wanke ya ce wa uwarta ina shayi. Ya dubi Nerys ya ce, "Kin gani ko? In 'yan'uwanki sun tsaya a bakin ƙofa ba a wuce su. Ko gidanki ne ke cin wuta a ciki." Har yau jikokin Pugh in sun shiga mashaya shiru ake yi. Haka muke a nan.

Da wannan ta tashi. Ranar da ta kama aiki a jami'a ranar ta shiga ƙungiyar malamai, duk yajin da aka yi tana sahun gaba da kwalinta da fulas ɗin shayi. Sai wata shekara yaji ya faɗo daidai lokacin haihuwar tumaki, ga sanyi ga ruwa. Kuma fa abin mai sauƙi ne, kowa ya sani in kana da dabbobi a ciki wurin kwamitin yaji kake zuwa ka ce a ba ka izini, nan take za su ba ka, har su buɗe maka hanya suna yi maka tsiya. Amma jinin Idwal! Ta ce ita da tumakinta sai ta roƙi wani? Ta tako akori-kurarta da sassafe ta nufo ƙofar jami'a.

Emlyn Harries ne ya tare ta. Malamin ilimin ƙasar noma ne, dogo siriri, abokinta na shekaru, gwangwanin biskit ɗaya suke ci a ofis. Ya dafa gaban motar yana dariya ya ce, "Ke 'yar Idwal, ɓatan kai kika yi? Wurin ajiye motar masu yaji na can baya."

"Matsa Emlyn, akwai wadda ɗa ya gitta mata tun asuba."

"To sauko mu je wurin kwamiti mana, ga su can suna jin wuta, magana ɗaya ce."

"Ba ni da lokacin surutunku. Matsa."

"Ba zan matsa ba. Sai dai ki taka ni."

Ta taka shi. Ita dai ta ce niyyarta ta ɗan tura shi, sai takalmin mai laka ya zame ya danne totur, motar ta zabura ta ɗebe shi, bakinsa ya daki dakalin gefen titi, haƙora suka zube, muƙamuƙi ya tsage. Mutane suka yi kan motar da sandunan kwalayensu, suka fasa gilashin gefe, wata ta watsa mata shayi mai zafi a wuya, ana ihu maciya amana, maciya amana. Ta ga jini ta madubi, kuma ba ta tsaya ba. Ta wuce garke ta ciro 'yan biyu da ransu.

Emlyn bai kai ta ƙara ba, ya ce wa 'yan sanda santsi ne ya kwashe shi, don a nan ɗan ƙungiya ba ya kai ɗan ƙungiya wurin hukuma. Abin da ya yi mata ya fi ƙara ciwo, daina yi mata magana ya yi, sashen gaba ɗaya suka bi shi. In ta shiga ɗakin shayi sai kowa ya ɗauki kofinsa ya fice. Ubanta yana gidan tsofaffi lokacin da robar iska a hanci, ya ji labari, ta je gaishe shi ta ce Baba ni ce, ya juya fuska bango, a haka har ya mutu. Ita kuma ba ta fita daga ƙungiya ba, ba ta ba kowa haƙuri ba, ta koma cikin tumakinta. Shekaru aka yi a haka.

Sai aka kawo Farfesa Hywel Beddoe a matsayin shugaban sashe. Ƙato ne, da can ɗan wasan zari-ruga, in yana gaban manya kamar limamin coci, in ya rufe ƙofar ofis sai ka ji kofi ya tarwatse a bango. Kowa ya sani, kowa ya yi gum, don shi ke sabunta wa ƙananan malamai kwantiragi.

Bana lokacin haihuwa aka ce wasu baƙi 'yan kamfani za su zo kallon gona. Beddoe ya sauko da kwat da takalmi mai ƙyalli ya ce a kwashe tumakin daga tsohon garke a kai su sabuwar rumfa don hoto ya yi kyau. Nerys ta tsaya a bakin garken, ta riƙe ginshiƙin ƙarfen ƙofa da hannun dama, ta ce, "Ranka ya daɗe, rabinsu naƙuda suke, in ka kora su yanzu gawa za ka nuna wa baƙinka."

"Ban tambaye ki ba. Cire hannunki."

"Ka kawo baƙin nan ɗin mana, su ma su ji warin da kake cin abinci da shi."

Ya kama ƙyauren nan, ƙarfe ne da sai maza biyu suke ɗaga shi, ya ja baya ya maka. Ta kurma ihu ta durƙusa, hannun ya maƙale bai fito ba. Ya sake ja, ya dube ta ido cikin ido, ya sake makawa. Na biyun ne ya yi ƙarar nan. Tumaki suka firgita suna hawan juna, jini ya bi ƙarfen yana ɗiga cikin ciyawa, shi kuwa ya gyara kwat ɗinsa ya juya ya tafi tarar baƙi.

Kuma ka san wa ke tsugune bayan tarin taki yana ɗiban ƙasa a leda? Emlyn. Beddoe bai gan shi ba. Ya taso a guje, ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, ya ciccibe ta ya sa a motarsa har asibiti, ya miƙa ta ga nas ya juya. Tun daga garke har asibiti bai ce mata uffan ba.

Yatsu uku suka farfashe, aka yi aiki aka sa ƙarafa. Tana kwance ashe Beddoe ya riga ta kai ƙara ofishin ma'aikata, wai ita ce ta kai masa duka da sandar kiwo, yana kaucewa iska ta bugo ƙofa. Kafin a sallame ta an dakatar da ita, an hana ta taka gonar. In kwamiti ya yarda da maganarsa korar ta za a yi, shi ke nan ita da tumakin sai dai ta hango su daga kan titi. Kuma macen da ta taɓa take mutum da mota a gaban jama'a, wa zai rantse ba za ta ɗaga sanda ba?

Ba yadda ta iya, ta hau bene ofishin ƙungiya da hannu a rataye. Mai karɓar koken malamai Glenys Maddox ce, malamar tarihi, ƙatuwa mai murya kamar ta maza, ta bar sigari ta koma taunar alewa ƙaras-ƙaras. Ita ce ma ta watsa shayin nan ranar yaji. Ta dubi Nerys sama da ƙasa ta ce, "A'a, yau wace rana! Mu ma take mu kika zo yi?"

"Koke zan shigar."

"Kin kira 'yan sanda?"

"Shi ma ɗan ƙungiya ne."

"Kai, taurin kan gidanku sai ku! Zauna. Ki sani ni ba ƙaunarki nake ba, in na ga kin faɗa kogi sai na gama shayina tukuna. Amma ke tamu ce, kuma ba a karya mana yatsun mutane, ko na marasa kunya. Faɗa mini tun daga farko."

Suka je ofishin ma'aikata tare. Wata budurwa mai murmushi ta ce ai a ƙa'ida matakin farko shi ne mai koke ya zauna da shugabansa su tattauna cikin lumana, ko da a kan shayi ne. Glenys ta ɗago hannun Nerys mai ƙarafa ta ajiye mata a kan tebur ta ce, "'Yar nan, shugaban nata ne ya yi wannan. Da wane hannun kike so ta riƙe kofin, ko ta kai masa ɗayan ya ƙarasa?" Ta daki teburin har kwamfuta ta yi tsalle. Nan take aka tsallake matakin, aka ce za a haɗa ƙararsa da kokenta a zama ɗaya gaban kwamiti.

Suna fitowa Glenys ta shiga banɗaki, sai ga Beddoe a barandar da wasu manya biyu. Ya ware hannuwa ya ce, "Nerys, baiwar Allah, ya jiki?" Ya kama hannun ciwon da hannu biyu kamar mai gaisuwar tausayi, yana murmushi ya matse, ta ji ƙarafan suna goga ƙashi, idonta ya yi duhu. Ya sunkuyo kunnenta ya ce, "Janye, tun kina da ɗayan." Manyan nan suna cewa kai mutumin kirki. Ta jingina da bango, ba ta ba shi ko wayyo ba.

Da ta gaya wa Glenys, Glenys ta ce, "Shi ma wannan bakinsa da bakinki ne, kuma shi farfesa ne, ke kuwa ko mai shara ba ya gaishe ki. Ranar garke akwai wanda ya gani?"

Nerys ta ce, "Emlyn."

Glenys ta tofar da alewar. "Duk mutanen duniya a rasa mai tsugunawa bayan taki sai shi!"

Suka same shi a wurin cin abinci yana tsoma burodi a miya, don har yanzu muƙamuƙin ba ya son abu mai tauri. Nerys ta zauna a gabansa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Glenys, gaya wa wadda kika zo da ita kujerar nan da mai ita."

Nerys ta ce, "Emlyn, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Glenys, gaya mata ni ƙasa na je ɗiba. Na kai ta asibiti don ko tunkiya na gani a haka zan kai. Iyakata ke nan."

Glenys ta ce, "Ɗan'uwa, korar ta za su yi fa."

"To a kore ta mana. Ta ga jinina ta madubi ta ƙara wuta. Gaya mata in tana neman mai tsaya mata ta je garke ta kirawo 'yan biyun nan." Ya zaro haƙoran robansa ya ajiye a kan tebur a gabanta da miya a jiki, ya bari ta kalle su da kyau, sannan ya mayar ya tashi.

Nerys ba ta iya ba da haƙuri ba, ba a koya mata a gida ba. Abin da ta iya shi ta yi. Da yamma an tashi aiki ana yayyafi, Emlyn ya shiga motarsa ya tayar, yana ɗago kai ya gan ta tsaye a gaba, hannu a rataye. Ya danna hon. Ba ta motsa ba. Malamai suka fara taruwa da jakunkunansu.

Ta ɗaga murya ta ce, "Rama, Emlyn. Ga ni. Tumakin nan ko yau ne zan sake shiga saboda su, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ya kamata in sauko in tambaya, kuma ya kamata in tsaya da na ga ka faɗi. Taka ni mu wuce wurin, sannan ka je ka faɗi abin da idonka ya gani."

Wani ya ce ke mahaukaciya ce, matsa. Injin ya yi gurnani, ya sake gurnani, kowa ya ɗauka tsoratarwa ce. Wallahi sai motar ta zabura ta dake ta a gwiwa, ta yi baya ta faɗi a kan kwalta, kafaɗa ta fara sauka, hannun mai ƙarafa ya bugu, ta yi wata ƙara da ta sa mata suka rufe ido. Glenys ta rugo tana zaginsa ta uwa ta uba. Nerys ta ture ta, ta dafa ƙasa da hagu ta miƙe, wando a yage gwiwa na jini, ta koma ta tsaya inda take. Emlyn na riƙe da sitiyari yana kallonta. Sai ya sa ribas, ya haye fulawoyin gefen hanya, ya fice ta ƙofar baya. Ba wanda ya san ko zai zo zaman kwamiti.

Ranar zama ɗaki ne a bene na sama, dogon tebur, 'yan kwamiti mutum uku, shugabarsu wata farfesar shari'a a tsakiya. Beddoe ya zo da nasa wakilin, don ƙungiya ɗaya ce take ba kowa nasa, haka abin yake. Ya yi magana a hankali kamar zai yi kuka, wai yana tausayinta, wai kaɗaici ne ya taɓa mata kai, wai iska ce, ya naɗe hannun riga ya nuna wani ɗan tabo wai sandar ce. Ya ce ko kwanan nan an gan ta tana faɗawa gaban mota. Shugabar tana ta gyaɗa kai. Nerys ta ce a ranta tata ta ƙare.

Shugabar ta ce, "Akwai shaida?" Kafin Glenys ta buɗe baki sai aka turo ƙofa. Emlyn ne, jiƙe sharkaf, ashe tun safe yana tsaye a waje cikin ruwa.

Wakilin Beddoe ya yi wuf ya ce, "Dakta Harries, kai ai tsohon abokinta ne ko?"

Emlyn ya ce, "Ni? Tambayi duk wanda ka ga dama a ginin nan. Matar nan ita ta zubar mini da haƙora. Ba na gaishe ta, in ta mutu ba zan je jana'iza ba. Abin da na gani na zo faɗa in tafi."

Sai ya ce Glenys ta ba shi lemarta, wata babba mai ƙotar katako. Ya buɗe ƙofar ɗakin, ya sa ƙotar a bakin ƙofa ya ce ta riƙe. Ya ja ƙofar ya maka da dukan ƙarfinsa, tagogi suka girgiza, ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya zubar da ruwa a jikinsa. Ya ce, "Wannan na farko." Ya sake ja, ya tsaya, ya juyo ya ƙura wa shugabar ido, bai ɗauke ba sai da ta kawar da kai, sannan ya maka. Katakon ya tarwatse, guntu ya yi tsalle ya faɗa gaban Beddoe. "Wannan na biyu. Babu sanda a hannunta, ginshiƙi ta riƙe. Ku nuna mini iskar da ke tsayawa ta kalli mutum kafin ta sake bugawa."

Beddoe ya miƙe kujera ta kife, wuyansa ya kumbura ya yi jajawur, ya damƙi tulun ruwa na gilashi da ke gabansa ya ɗaga, wakilinsa ya rirriƙe masa hannu yana cewa Hywel, Hywel, zauna. Ya zauna ɗin, amma kowa a ɗakin ya ga inda tulun ya nufa.

Kwamiti ya yi watsi da ƙararsa, ya karɓi kokenta, aka ce ta koma bakin aikinta. A bakin bene Glenys ta ce, "Emlyn, lemata fa?" Ya ce, "Gaya wa wadda kika kare ta sayo miki," ya sauka abinsa.

Nerys ta koma garke, amma yatsu biyu sun sandare ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce haka za su zauna. Yanzu in ɗa ya gitta sai dai ta durƙusa kusa da ɗaliba tana faɗa mata, hagu, a hankali, nemo ƙafar, tana cizon leɓe. Ranar da wata tunkiya ta mutu a gabanta ta harbi bokiti har ya lotse.

Shi kuwa Beddoe sauke shi kawai aka yi daga shugabanci, aka ba shi ofis a wani gini wai mai ba da shawara, yana nan yana yawo da jakarsa yana gaisawa da mutane. Glenys ta ɗaukaka maganar zuwa mataki na gaba, so take a raba shi da jami'ar baki ɗaya, amma an ce sai wasu da ya taɓa cuta sun fito da bakinsu. Kuma akwai su, sun watse wasu garuruwa, wasu ma sun bar koyarwa. Don Allah in ka karanta labarin nan kar ka bar shi a wayarka, tura wa na kusa da kai shi ma ya tura, har ya kai hannun ɗaya daga cikinsu, a gaya masa Glenys Maddox na nemansa a ofishin ƙungiya kafin kwamiti ya sake zama.